Buhun Masarar da Ya Ƙi Yin Nauyi

Shekara ɗaya tak na yi ina koyar da kimiyya a Djougou, ina ɗan shekara ashirin da ɗaya, kuma ba ni na zaɓa ba. A zamanin juyin juya hali haka tsarin yake. In ka gama sakandare ba ka wucewa jami'a kai tsaye. Sai an sa maka kaki na 'yan watanni, an koya maka fareti, sannan a tura ka wata makaranta ka koyar da na bayanka, domin malamai sun yi ƙaranci. A ƙarshen shekara sufeton makarantu zai zo ya kalli darasinka guda ɗaya, ya rubuta abin da ya gani. Takardar nan ita ke bin sunanka har Kwatano, inda ake zaɓen waɗanda za a tura karatu waje.

Babana ɗan kasuwa ne a Parakou. Kakanninsa fataken goro ne da suka sauke kaya a garin ba su sake ɗauka ba. Yana da magaza, wato sito, kusa da kasuwar Arzeke, da kamyo guda, wato babbar mota, mai ɗaukar doya da hatsi. Ranar da zan tafi Djougou ya ce mini, ba da faɗa ba:

"Na ba boko shekara ɗaya. In takardarka ta yi kyau, Allah ya kiyaye hanya. In ba ta yi ba, ga kamyo can yana jiran mai lissafi."

Ban ƙi kamyo ba. Amma na riga na ga hotunan ɗakunan gwaji a littafi, zuciyata tana can.

Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji. Allo ne da alli, sai littafi guda da nake kwana da shi. Abin da muke da shi da yawa gona ce, don a lokacin kowace makaranta sai ta yi noma, da yamma ɗalibai su ajiye biro su ɗauki fartanya. Saboda haka muna da ɗakin ajiya da buhunan masara, da amalanke mai ƙafa huɗu wanda a can ake kira pus-pus.

Lokacin mangwaro ne, zafi ya yi tsanani, darakta, wato shugaban makarantar, ya kira ni ofis. Ya ce sufeto zai zo nan da mako uku. An aiko cewa darasin ya zama kan ƙarfi da nauyi da ƙaruwar gudu, kuma ba a son a tsaya a allo kawai, a nuna wa yara da kayan gida abin da ido zai gani.

Darasin ba mai wuya ba ne. Duk wanda ya taɓa tura motar da ta mutu ya san shi da kafaɗarsa. Da ƙarfi iri ɗaya, ƙaramar mota tana saurin ɗaukar gudu, babba kuwa sai a hankali. To in ka san yawan ƙarfin da ka sa, ka kuma san yadda gudun yake ƙaruwa, sai ka raba na farko da na biyu, nauyin abin ya fito ba tare da ka ɗora shi a sikeli ba. Faransanci yana da kalmomi biyu a nan, littafin kuma yana tsananta bambancinsu. Mu nauyi muke cewa, kuma shi zan ce, don bai shafi labarin ba.

Na zauna na tsara abina. Barandar ajujuwa doguwa ce, siminti sumul. Na auna mita takwas, na ja layi da alli a farko da ƙarshe. Na ɗora buhun masara mai kilo ɗari a tsaye a kan amalanke, na ɗaure shi. Amalanken kansa an taɓa auna shi, kilo ashirin ne. Jimla ɗari da ashirin, amsar da na riga na sani ke nan.

Saura abin auna ƙarfi. Mai masaukina, wani dattijo Badende, ɗan wata ƙabila ta garin, mai sayen kaɗanya, yana da sikeli mai ƙugiya, na tagulla, irin wanda ake rataya wa kaya allurarsa ta sauka. Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan daɗi. Da na roƙe shi aro sai da ya goge sikelin da bakin rigarsa tukuna. Mushe yake ce mini, kalmar Faransanci da ake kiran malamin boko da ita a can.

"Mushe, wannan ya girme ka. Bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kada ka koya masa."

Dabarar ita ce in ɗaura igiya a gaban amalanke, in maƙala ƙugiyar sikeli a igiyar, in riƙa ja ina tafiya da baya, idona a kan allura, kada ta wuce kilo huɗu, kada ta gaza. Da sassafe, kafin ɗalibai su zo, na gwada ni kaɗai na ga kilo ɗaya yake tafiya a banza wajen gogar ƙafafun amalanke. Saura uku, wato niyuton talatin a ma'aunin littafi. Na yi lissafi a takarda: daga tsaye, amalanken zai cinye mita takwas cikin sakan takwas. Lambobin sun zauna daram har na ji daɗi.

Ɗalibaina arba'in da 'yan kai ne, wasunsu sun kusa sa'anni na, akwai ma mai gemu. Na ba da agogon darakta ga wata ɗaliba wadda ta fi kowa lissafi a ajin, ba ta dariya sai da dalili. Ta tsaya a layin ƙarshe. Sauran suka taru a bayan amalanke da gefensa. Na ce "Mu je," na fara ja.

"Sakan shida, Mushe."

Muka koma allo muka yi lissafi. Kilo sittin da takwas.

Na ce hannuna ne bai saba ba. Muka sake. Sakan bakwai, kilo casa'in da biyu. Muka sake. Sakan biyar, kilo arba'in da bakwai. Buhun yana nan tsaye, ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba, amma a allo yana ramewa yana ƙiba kamar mai ciwon shawara. Mai gemun nan ya ɗaga hannu.

"Mushe, ko gyambo ne... a'a, ko ƙwari ne suka cinye cikin?"

Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi, amma ta baki ce.

Mako biyu na yi ina farautar kuskuren. Na tuhumi sikelin dattijo, na kai shi wajen mai gishiri na rataya masa dutsen kilo, ya nuna daidai. Na tuhumi agogo, na gwada shi da na masallacin Juma'a. Na tuhumi barandar, na zuba ruwa in ga ko tana da gangare, ruwan ya kwanta inda na zuba shi. Na juya amalanke muka ja daga ɗaya ɓangaren. Na sa wa ƙafafun man kaɗe. Ko sau ɗaya amsar ba ta kai ɗari ba, kuma ba ta taɓa maimaita kanta ba. Daga ƙarshe na tuhumi wanda ya rage, wato ni. Na fara tunanin ko duk shekarun nan hadda kawai na yi, irin ta aku, ban fahimci komai ba. Wannan ya fi tsoron sufeto ci mini rai.

Saura kwana shida, ranar Juma'a bayan masallaci na hau motar doya zuwa Parakou. Na gaya wa darakta zan nemo wani sikelin. Gaskiyar ita ce na tafi in kalli kamyo ne, in fara sabawa da shi.

Asabar da safe na sami Baba a magaza. Wuri ne mai tsawo, ƙasansa siminti, a bakin ƙofa akwai babban sikeli na ƙasa da ake ɗora buhu a kai. A gefen ƙofar kakata, mahaifiyar Baba, take zama kullum da faifan goronta. Ba don riba take sayarwa ba, don kada labarin kasuwa ya wuce ta ne. Tana hango ni ta fara.

"Lale da maigidana! Ka tafi da wuya ka dawo da igiya. Matan Djougou ba sa dafa maka abinci ne, ko kai ne ba ka ba da cefane?"

"Ke ce ba ki aiko ba, tsohuwa. Zan sake ki in auri mai haƙora."

"Wa za ta ɗauke ka? Ni ma haƙuri nake."

Na gaya wa Baba damuwata. Ya saurara yana jan carbi, sannan ya nuna babban sikelin da haɓa.

"Ga abu nan. Ka ɗora, ka karanta, ka sauke. Wannan zagaye-zagayen da igiya da agogo na mene ne?"

Na ce akwai abin da ba ya hawa sikeli. Jirgin ƙasa, ko jirgin sama, ko wata.

"Wata kuma wa zai saya?"

Amma ya tashi. Ya sa aka ɗora buhu mai kilo ɗari a sikelinsa na gani da idona, aka mayar da shi kan amalanken magaza, wanda ya fi na makaranta girma, ban kuma san nauyinsa ba. Na auna mita takwas, na ja layi da gawayi. Na gwada gogar ƙafafu, kusan kilo ɗaya ce ita ma. Baba ya cire agogonsa ya tsaya a layin ƙarshe. 'Yan dako suka bar abin da suke yi suka zo kallo. Babbansu wani dattijo ne mutumin Nijar, ya fi shekara ashirin tare da Baba, ya goya ni a wuyansa ina ƙarami. Kawu nake ce masa.

Na ja, idona a kan allura.

"Biyar da rabi," in ji Baba.

Na tsuguna na yi lissafi a ƙasa da gawayin. Kilo hamsin da bakwai, buhu da amalanke gaba ɗaya. Baba ya leƙa.

"Buhun kilo ɗari? In da haka ake saye da na gina bene. In da haka ake sayarwa da tuni muna bara."

Bai yi dariya ba. Ya mayar da agogonsa, ya dafa kafaɗata, ya ce ba kowane iri ne ke fita a kowace gona ba, kuma kamyo ba abin kunya ba ne. Taushin muryarsa ya fi mini zafi a kan zagi.

Sai muka ji dariya daga bakin ƙofa. Kaka ce, har tana buga cinya.

"Maigidana, zo ka gaya mini. A wannan wasan naku, wa ake gwada ƙarfinsa? Kai mai ja, ko kawunka mai turi?"

Na juya na dubi Kawu. Yana tsaye a bayan amalanke, inda buhun ya tare mini gani, hannunsa na dama har yanzu yana kan katakon.

"Kawu, turawa ka yi?"

"Ni? A'a, Mushe. Kamawa dai na yi. Yatsa uku ne ma kawai."

"Don me?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi don me yake amsa sallama.

"Ɗan maigida, mai karatu, yana jan buhu da baya kamar jaki, ni ina tsaye na naɗe hannu? A bakin kasuwa? Mutane su ce me?"

Na juya wajen Baba na ce ai shi yana fuskantar wajen, bai gani ba?

"Na gani mana. To me? Mutum na jan kaya wani ya kama masa, wannan ma abin faɗa ne?"

A nan ne na gane, na zauna a kan wani buhu. Duk wanda ya sa hannu a baya, igiya takan yi sako-sako, allura ta sauka, ni kuma in ƙara sauri don in mayar da ita kan huɗu. Sikeli ƙarfina kaɗai yake gani. Ƙarfin mutum biyu ke tafiyar da kaya, ni ina lissafi da na mutum ɗaya, dole buhu ya yi sauƙi. Na tuna ɗalibai arba'in da ke cunkushe a bayan amalanke a Djougou. Na tuna mai gemu. Mako biyu ina zuba ruwa a baranda, ina wulaƙanta sikelin bawan Allah a gaban mai gishiri, ban taɓa leƙa bayan buhu ba. Kuma da na leƙa ma, ban tabbata zan ga wani abu ba. Ni ma a nan aka haife ni.

Daga baya na zauna a ƙasashe da dama, na ga yadda kowa yake da kayan wani. A Rasha na ja akwati hawa huɗu a gidan ɗalibai, mutane suna ratse ni suna ba ni hanya cikin ladabi, ba wanda ya taɓa. Ba mugunta ba ce, a wurinsu kayanka sirrinka ne. A Kumasi za a tambaye ka tukuna ko kana son taimako. A Kano za a ce maka sannu, in ka ce "kama mini" a kama. Amma a Parakou da Djougou na wancan lokaci ba a jira ka roƙa. Hannu yakan tafi da kansa, mai shi yana ci gaba da hirarsa, in ka tambaye shi bayan minti biyar ba zai tuna ba. Littafin da nake koyarwa da shi an rubuta shi ne a ƙasar da in ka ce a tsaya a kalla, za a tsaya a kalla.

Na roƙi Kawu kada ya taɓa. Ya ce to. Na fara ja, ban yi taku uku ba Kaka ta yi ihu, "Ga shi nan ya sake!" Kawu ya janye hannu yana istigfari, ya ce wallahi bai san ya kai ba. Sai Kaka ta kira shi, ta ɗora masa faifan goronta a hannu biyu.

"Riƙe. In ɗaya ya faɗi, kai da ni ne."

Sauran 'yan dakon ta kora su jikin bango. Na ja. Karon farko na ji buhun yana da taurin kai irin na buhu, yana tashi a hankali, yana bina kamar ba ya so.

"Takwas da rabi," in ji Baba.

Na tsuguna na yi lissafin. Ɗari da talatin da biyar. Na ce in an cire buhu, amalanken nan kilo talatin da biyar ne.

Baba ya matso. Ya sa aka sauke buhun, aka kinkimi amalanken aka ɗora a babban sikeli. Ya sunkuya da kansa yana matsa dutsen awo. Ya daɗe a sunkuye.

"Talatin da huɗu da ɗoriya," ya ce. Ya miƙe ya dubi igiyar da ke hannuna, ya dubi agogonsa. "Sake yi in gani."

Sau huɗu muka yi. Kawu yana riƙe da faifan goro, fuskarsa kamar wanda ake yi wa kaciya.

Ranar Litinin na shiga aji na tambaya, cikin Faransanci tukuna, ko akwai wanda ya taɓa tura amalanken. Ba wanda ya ɗaga hannu. Na sake tambaya da Dendanci, na ce ba duka ba zagi. Hannu ɗaya ya tashi, sai uku, sai kusan rabin aji. Ashe har layi suke yi, yau wannan gobe wancan, don kada ladan ya tafi wajen mutum ɗaya. Kilo arba'in da bakwai aikin mai gemu ne.

"Mushe, kunya ce," ya ce. "Malaminmu yana gumi muna kallo? In babana ya ji, sai ya kore ni daga gida."

Na tambayi mai riƙe da agogo don me ba ta faɗa ba. Ta ce ita an ce ta duba lokaci, kuma ba ta ga an yi wani abu ba.

Na bi dabarar Kaka. Duk wanda zai tsaya a baranda sai ya riƙe littafinsa buɗe da hannu biyu, biro a baki in ya so. Ranar Talata muka samu sakan takwas sau uku a jere. Ajin ya yi tafi kamar an ci ƙwallo.

Sufeto ya zo ranar Alhamis da hantsi. Mutumin kudu ne, dogo, da tabarau, da riga mai aljihu huɗu irin ta ma'aikatan lokacin. Kamarad, wato abokin gwagwarmaya, yake ce wa kowa, har da mai gadi. Aka yi gaisuwar juyin juya hali da ƙarfi, ya zauna a kujerar da aka fito masa da ita baranda, ya buɗe littafinsa. Na yi bayani a allo, muryata ta fito fiye da yadda na zata. Ɗalibai suka jeru da littattafai a hannu kamar masu karɓar sadaka. Na maƙala ƙugiya, na ce "Mu je."

Ban san mai masaukina ya zo ba. Ya ji labarin yau babban mutum zai ga sikelinsa, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya taho. Yana shigowa harabar ya hango baƙonsa yana jan buhu da baya, ga ƙattai arba'in a tsaye suna karatu. Ya tattare riga ya hau baranda da gudu, hannu a miƙe.

Aji gaba ɗaya ya kurma ihu. Da Dendanci, da Yom, da Hausa, da Faransanci, kowa da harshen da ya fara zuwa bakinsa: kada ka taɓa! Dattijo ya ƙame, hannu biyu a sama. Ni kuma na firgita na fizgi igiya, allura ta yi tsalle, amalanke ya karkace ya daki ginshiƙi.

Sufeto ya cire tabarau.

"Kamarad malami, me ke faruwa a nan?"

Na yi tunanin in ce tsohon ya ruɗe ne. Amma yana tsaye a wurin, da rigarsa ta Juma'a, an yi masa tsawa a gaban baƙo saboda ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro. Sai na faɗi gaskiya duka: kilo sittin da takwas, da ruwan da na zuba a baranda, da yatsu ukun Kawu, da faifan goro. Ina magana ina ganin kamyo.

Sufeto bai yi murmushi ba. Ya juya wajen mai agogo.

"Kamarad ɗaliba. Ranar da kuka samu sakan shida, ƙarfin nawa ɓoyayyen hannun ya ƙara?"

Wannan ba ya cikin abin da na koya musu. Ta je allo ta ɗauki alli. Sai ta juya lissafin da kanta: ta ɗauki ɗari da ashirin na gaskiya, ta ninka da ƙaruwar gudun ranar, ta samu hamsin da uku, ta cire talatin nawa.

"Niyuton ashirin da uku. Kilo biyu da ɗan abu a sikelin dattijon nan."

Daga baya wani ya ce a hankali, "Ashe ma rowa ya yi," aka ƙyalƙyale.

Sufeto ya tashi ya ce a sauke buhun. Ya miƙa wa darakta littafinsa, ya hau amalanken ya zauna, gwiwoyinsa kusa da haɓarsa, ya riƙe katako da hannu biyu.

"Auna ni."

Na dubi mai masaukina. Mai gemu ya riga ya ba shi littafinsa ya riƙe, a juye ma. Na sake gwada gogar ƙafafu, na koma layi, na ja wakilin gwamnati mita takwas a barandar makaranta, ba wanda ya taɓa. Sakan bakwai. Ɗalibai suka yi lissafi da baki ɗaya: casa'in da biyu, a cire ashirin na amalanke, saba'in da biyu.

Ya sauko yana kaɗe wando.

"Saba'in ne lokacin da na baro Kwatano," ya ce. "Mako uku ke nan ina cin sakwararku."

Ya karɓi littafinsa ya yi rubutu mai tsawo, bai nuna wa kowa ba, ya shiga mota ya tafi.

Dattijo bai yi mini magana ba sai da na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya karɓi sikelinsa ya duba shi ciki da waje.

"Karatun da zai hana a kama wa mutum kaya, Mushe, ban gane masa ba."

Na ce na minti ɗaya ne kawai, Baba, ga shi ma ya wuce. Buhun yana yashe a baranda, sai an mayar da shi ɗakin ajiya. Na kama kunne ɗaya na ce ya kama mini. Kafin ya sunkuya hannu ya fi ashirin a jikin buhun, ni da na fara kamawa ban samu wurin riƙewa ba.

Takardar waɗanda za a tura karatu waje ta iso Parakou da damina, sunana yana ciki. Baba ya sa aka karanta masa sau biyu, ya ba ɗan ƙanensa kamyo, bai sake tayar da maganar ba. Abin da na lura kawai, layukan gawayin nan biyu sun daɗe a ƙasan magaza, ya hana a share.

Ranar tafiya aka raka ni tashar jirgin ƙasa. Kaka ta ce in na auro Baturiya ta yafe, in dai za ta iya daka. Na sunkuya zan ɗauki akwatina, Kawu ya riga ni. Wannan karon na bar shi. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ɗan jijjiga, kafin ya ɗora a ka.

"Ashirin da biyu," ya ce. "Ba igiya, ba agogo."

A filin jirgin sama na Kwatano aka ɗora shi a sikeli. Ashirin da uku ne, amma a hanya Inna, mahaifiyata, ta cusa mini ƙullin kilishi.